Daga Burumburum Zuwa Say: Tafiyar Gani Da Ido

A kakar bara Baba ya ware wasu buhunan masara a ɗakin ajiya, ya ce kuɗin karatuna ne. Ni kuwa tun ina aji biyar na sakandare a nan Burumburum hankalina yake kan Jami'ar Musulunci da ke Say, a Jamhuriyar Nijar. Sai dai Kawu ya hana a kai ko buhu ɗaya kasuwa. Ya tuna mana yadda a watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida.

"Har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa," in ji Kawu. "Yaya, noman shekara guda ne wannan. Bari mu je mu gano wurin tukuna."

Da asuba muka shiga motar Kano, daga can sai Katsina, sai Jibiya. A kan iyaka aka duba fasfo ɗinmu da katin rigakafin cutar shawara. Kawu ya sa na yi su tun da wuri, domin Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, bai kamata matafiyi ya dogara da labarin wanda ya ƙetara shekaru biyar da suka wuce ba.

A Maraɗi na fara jin kunya. Hausa ake yi ko'ina, na saki jiki kamar ina Kano. Da mai abinci ta ce dala ɗari, sai na miƙa mata sefa 100. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, daga Najeriya kake ko?" Ashe dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari kuwa sefa 500, sefa 1,000 kuma jika suke ce mata. Makaranta ma lakwal na ji yara suna kiranta.

Washegari muka hau doguwar mota zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Mu da muka saba da gonakin masara da duhun dajin Falgore, sai ga yashi da karan gero iya ganinka. Muka wuce Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi. Daga Dosso Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓe tasha. Kalmar farko da na koya ita ce "fofo", wato sannu.

A Yamai muka haye kogin Kwara muka nufi kudu. Say na bakin kogin, kimanin kilomita 50 daga babban birnin. Tsohon garin malamai ne, sunan Alfa Mahaman Jobbo na ƙarni na 19 har yau yana bakin mutane. A nan matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙetare kogin a 1853. Jami'ar kuwa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa ta a taron Lahore na 1974, aka fara karatu a 1986.

Kawu bai tsaya kallon gine-gine ba. Ɗaliban Najeriya ya nema, ya jera musu tambayoyi: nawa abinci ke ci a wata? Ina ake zuwa in ciwo ya kama mutum? Yaya tsaron hanya, tunda Say na cikin jihar Tilaberi mai fama da 'yan bindiga? Suka ce mu riƙa tafiya da rana kawai. Wani daga cikinsu ya gwada ni da Larabci, na yi ta in-ina. A nan na gane nahawun da na haddace don jarrabawa bai isa in saurari malami na awa biyu ba.

Mun dawo gida, buhunan Baba na nan ba a taɓa ba. Kawu ya rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya yana neman matsayin takardar jami'ar, ya ce sai amsa ta zo za a biya ko sisi. Ni kuma kullum bayan Magariba ina zuwa wurin wani malami a unguwarmu muna hira da Larabci zalla, na kuma sayi ƙaramin littafin Faransanci. Takarduna duk na yi musu kwafi biyu, ɗaya na ba Inna ta ajiye a akwatinta.

Kai da ke aji shida kake mafarkin Masar ko Yuganda ko Gana, fara da tambayar da Kawu ya yi: idan ka dawo, Najeriya za ta karɓi takardar da masarar babanka ta saya?