Wasan Kwaikwayo: Na Baki Ne Ko Na Alƙalami?

A makarantun sakandare na ƙasar Haɗejiya, kamar sauran na Jihar Jigawa, wasan kwaikwayo yana cikin abubuwan da ɗalibin Hausa yake amsa tambaya a kansu a jarrabawar WAEC da ta NECO, tare da zube da waƙa. To, amma yadda ake koyar da shi ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Malami ya karanta, ɗalibai su rubuta jigo da salo da sunayen taurari, su haddace, ranar jarrabawa su juye a takarda. Ta wannan hanya na bi, na kuma ci da maki mai kyau, alhali ba a taɓa tsayar da ni gaban mutum goma aka ce in buɗe baki ba.

Marubutanmu kuwa ba don a yi shiru da wasanninsu suka rubuta ba. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake shirya wasanni ana yin su a gaban jama'a. Shu'aibu Maƙarfi, mai Jatau Na Kyallu na 1960, ta gidan rediyo jama'a suka fara sanin wasanninsa, watau kunne ya riga ido.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yaran namu gwanaye ne tun kafin su shiga aji. Duk wanda ya yi azumi a Haɗejiya, ko Auyo, ko Kafin Hausa, ya san abin da ke faruwa idan wata ya kwana goma. Yara sukan fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya ranƙwafa ya zama tsoho, wancan ya rataya layu da tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su shirya Mairama da Daudu. Ba wanda ya koya musu sauya murya ko tafiyar tsufa, a wurin yayyensu suka gani. Suna kuma da alƙalansu, domin matan gida ba sa ba da hatsi ko kuɗi daidai wa daida. Wanda ya sa su dariya shi ke fita da ƙwarya cike. Amma da zarar an yi Salla an koma makaranta, sai a nemi gwanin nan a rasa, yana can bayan aji ya yi gum.

A Ingila akwai makarantar koyon wasa da ake kira LAMDA, wadda aka kafa a 1861. Tana shirya wa yara jarrabawar magana da wasa mataki-mataki har zuwa na takwas, yaro ya tsaya gaban mai jarrabawa ya yi abinsa, a auna muryarsa da fahimtarsa, a ba shi takardar shaida. Ba sai mun tafi nesa haka ba ma. Musabaƙar karatun Alƙur'ani da aka fara a Sakkwato a 1986 matakai gare ta, daga izu biyu har sittin, kuma da baki ake yin ta, alƙalai na saurare suna ba da maki. Ashe mun san yadda ake auna baki, ba mu dai ga Hausa ta cancanci haka ba. Kai, ko jarrabawar furucin Turanci ma a takarda ake yi mana ita, da fensir!

A ganina ya kamata a ware wani kaso na makin Hausa tun daga ƙaramar sakandare, yaro ya fara da tatsuniya, ya hau zuwa muhawara, sa'an nan ya fito a wasa. Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, mu kuwa mutanen gabas da namu karin harshen. Idan mai jarrabawa ya zo daga birni ya ji ɗan masunci daga Guri ko Kirikasamma yana kwaikwayon cinikin kifi da Haɗejiyanci tsantsa, ina tsoron kada ya rage masa maki a daidai inda ya fi kowa iyawa.