Jibiya: Iyakar Da Hoton Biki Ke Tsallakawa

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiya ce da ba ta kai kilomita hamsin ba, amma duk wanda ya saba bin hanyar ya san ba da kilomita ake auna ta ba, da yawan shingayen da mota za ta tsaya ake aunawa. Kafin a shiga cikin gari ana isa Magama, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Jibiya ta zarce Gurbin Ɓaure har cikin Jihar Zamfara, ɗaya kuma ta yi arewa zuwa bakin iyaka, ta faɗa Ɗan Isa, ta wuce Maraɗi. A nan manyan motoci ke jerin gwano, 'yan canji na zaune da damin naira da na sefa, 'yan acaɓa na kiran fasinja. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci, sai ka rasa gane wane ne ɗan Nijeriya, wane ne ɗan Nijar, domin harshe ɗaya ne, sutura ɗaya, gaisuwa ɗaya.

Sai dai mai karatu na nesa ba wannan Jibiya ya sani ba. Shekaru da dama ke nan sunan garin ba ya fitowa a kanun labarai sai tare da ɗayan abu uku: harin 'yan bindiga, fasa-ƙwauri, ko rufe iyaka. Babu ƙarya a cikin labaran, mutanen yankin sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma akwai wani kundin tarihin garin da ake tarawa a gefe, ba tare da kowa ya ba da umarni ba, kuma masu tara shi yara ne 'yan makaranta masu rataye da kyamara, waɗanda ke ɗaukar hotunan baiko da bikin abokansu a ƙarshen mako, su koma aji ranar Litinin.

Kafin a fahimci aikin waɗannan yara, sai an tuna cewa zumuncin yankin ya girmi iyakar. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, daga bisani ya kafa Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin can. Layin da ya raba ƙasashen biyu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamu har zuwa 1908. Ko ruwa bai amince da layin ba: gulbin da aka datse a madatsar Jibiya shi ne ke gangarawa ya ratsa ƙasar Madarunfa da Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Aure ma haka yake yi. Da wuya ka sami babban gida a Jibiya da ba shi da ɗiya ko suruka a ƙetare.

Ɗaurin auren wani tsohon ɗalibina ne ya kai ni yankin a kwanan baya. Ango ɗan Jibiya, amarya kuwa gidansu na can ɓangaren Ɗan Isa. A cikin motar da muka shiga akwai wani saurayi rungume da baƙar jaka kamar mai riƙe da jariri. Da muka gaisa sai ya ce, “Malam, ai ina cikin ajinka na 'yan shekara ta uku, a baya nake zama.” Shi ne mai hoton bikin. A jakar akwai kyamara ta hannu da ya saya a Kano, da batir biyu, da fitila, da ƙaramar kwamfuta, da kuma takardun darasin da zai yi wa gwaji ranar Talata.

Labarinsa irin na ɗalibai da yawa ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina. Da waya aka fara: hoton rantsar da sababbin ɗalibai, hoton ranar al'adu, hoton 'yan ajin ƙarshe da suka fito daga jarrabawa ana rubuce-rubuce a farar riga. Sai yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zo, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida. Wasu suka koyi ɗinki, wasu gyaran waya, shi kuma ya bi wani mai shagon hoto yana riƙe masa fitila. Ko da aka koma karatu, abokansa sun fara aure, kuma wa za a kira in ba na gida ba?

A wurin biki na ga yadda aikin yake. Ɗaurin aure bai wuce 'yan mintoci ba: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, maroƙi ya sanar. A cikin wannan ɗan taƙi dole mai hoto ya san wane ne kawun amarya da ya taso tun daga Maraɗi, wane ne baffan ango da ba a son a bar shi a baya, wane dattijo ne ba ya son a ɗauke shi ko kaɗan. Baƙon mai hoto daga birni ba zai san wannan ba, ko da kyamararsa ta fi tsada. Shi kuwa yaron nan yana durƙusawa ya ce, “Baba, a ɗan matso kusa da Alhaji,” sai ka ga dattawan ƙasa biyu sun jeru kafaɗa da kafaɗa. A cikin gida kuma, inda ake kamu da sa lalle da wunin biki, ba ya shiga. Wata abokiyar karatunsa ce ke karɓar kyamarar, su raba abin da aka samu. Wannan ma wata ƙofa ce da ta buɗe wa ɗalibai mata, domin gidaje da yawa sun fi natsuwa mace ta ɗauki mata.

Muhimmancin waɗannan hotuna ya fi bayyana a shekarun da aka toshe hanya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a jima ba sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ba a daina aure ba a duk tsawon lokacin nan, amma an rage masu halarta. Matasa kan bi ta gonaki a kan babur, tsofaffi da masu jego kuwa sai haƙuri. Kakar da ba ta iya zuwa kai jikarta ɗaki ba, a waya ta ga lefen, ta ga lallen, ta ga fuskar mijin. Hoto ba ya tsayawa a shinge, ba a tambayar sa takarda.

Sau ɗaya aka tare shi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Ɗalibin nan ya ce a lokacin sai mutum ya shiga mota zuwa Katsina kafin ya aika hoto ɗaya, ko kuwa ya nemi layin wayar Nijar ya matsa kusa da iyaka. A nan ne, in ji shi, mutane suka tuna da darajar hoton da aka wanke a takarda, wanda ake sawa a aljihu a ba direba ya kai.

Duk da haka, ba zan yi wa mai karatu zaƙin baki ba, sana'ar tana da ƙayoyinta. Na farko shi ne karatun kansa. Bukukuwa sun fi yawa daga Juma'a zuwa Lahadi, musamman gab da azumi da bayan salla, kuma ɗaukar hoto rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne zaman dare ana tantancewa, ana gyara haske, ana jiran wuta ko ana biyan kuɗin caji a shagon mai sola. Mu da ke tsayawa gaban allo mun san fuskar ɗalibin da ya kwana a kan kwamfuta. Kuɗin rajista ake nema da kyamarar, amma in ba a yi hattara ba, kyamarar ce za ta cinye abin da aka yi rajistar dominsa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai a tauna ɗaya bayan ɗaya, wato a san makon da za a ce wa aboki a'a.

Na biyu shi ne kuɗi. Ciniki da aboki wuya gare shi. “Haba, ai kai namu ne,” ita ce jimlar da ta fi kowace karya jarin ɗalibi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na kayan aiki suka yi tashin gwauron zabo. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 kowane yuro, don haka ba ta rawa kamar naira. Shi ya sa yaran suka fi murna da aikin da za a biya su da jikkunan sefa, ko da yake masu hoton Maraɗi, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, su ma ba barci suke yi ba. Ga kuma hatsarin hanya: ba mai son magariba ta riske shi a dajin nan da kaya mai tsada a kafaɗa.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne amana. Mai hoton biki yana fita da fuskokin matan mutane a aljihunsa. Hanyar tallarsa kuma ita ce ya ɗora aikinsa a Instagram ko TikTok ko WhatsApp. Tsakanin talla da tona asirin gida tazarar ba ta da yawa. Malamai sun daɗe suna suka a kan hotunan kafin aure, inda saurayi da budurwa ke yin abin da bai dace ba tun ba a shafa fatiha ba, kuma akan fasa aure bayan baiko alhali hotuna sun riga sun bazu. Wadda ke kwana da ciwon ita ce yarinyar. Duk ɗalibin da ya ɗauki kyamara ya kamata ya riƙe ƙa'ida ɗaya: hoton na masu biki ne, ba a ɗora shi ko'ina sai da izinin wadda ke ciki.

To me ya sa malamin jami'a zai damu da wannan? Saboda mun ga abin da irinsa ya zama a wani wuri. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana yawo daga biki zuwa biki yana ɗaukar matasa, ya wanke hotunan ya baje su a shagonsa masu so su zaɓa. Ba wanda ya kira shi masanin tarihi a lokacin. Amma ya adana finafinan hotunansa a cikin kwalaye, kuma a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Benis da ke Italiya. Yau duk mai son sanin yadda matasan Mali suka rayu bayan samun 'yancin kai, wurinsa yake zuwa, da wurin Seydou Keïta da ya riga shi buɗe shago. Sun yi fice da gwaninta, amma abin da ya kawo aikinsu hannunmu shi ne adanawa.

A nan tamu matsalar take. Hotunan Jibiya suna cikin katin ajiya da ake gogewa domin a sami gurbin bikin mako mai zuwa, da wayoyin da ake sacewa ko suke faɗawa ruwa, da kwamfutocin da ke mutuwa ba sallama. Iyayenmu da suka yi aure da hoto ɗaya tak baƙi da fari, har yau yana nan a bango. Jikokinsu da aka yi wa ɗaruruwa, mai yiwuwa nan da shekara goma ba za a sami ko guda ba. In haka ta faru, abin da zai rage wa mai bincike na gobe a kan Jibiya ta wannan zamani shi ne hotunan gidajen da aka ƙona da na motocin da suka maƙale a Magama. Zai ɗauka iyakar abin da aka yi ke nan, alhali a shekarun nan an yi baiko, an kai lefe, an raɗa suna, an yi dariya.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Ango ya ware kuɗin wanke ko da hoto ashirin ne a sa a albam, a rubuta suna da wuri da kwanan wata a bayan kowanne. Ɗalibi ya ajiye aikinsa a wuri biyu, ya kuma rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne kafin ya ɗauki jaka. Sassan koyar da sana'o'in dogaro da kai a manyan makarantunmu su koya wa yaran nan lissafin farashi da haƙƙin wanda aka ɗauka. Sassan tarihi da na Hausa, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da takwarorinsu na Maraɗi, za su iya buɗe ma'ajiyar da iyalai za su ba da kwafin hotunansu bisa yardarsu.

Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. A gefe guda kuma ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. Gwamnatoci za su ci gaba da ɓatawa da shiryawa, ƙofar Magama za ta ci gaba da rufuwa da buɗuwa. Mutanen da ke zaune a gefenta biyu kuwa sun daɗe da yanke nasu hukuncin, kuma kowane mako suna sake tabbatar da shi a gaban liman da shaidu. Hujjar hakan tana cikin jakar wani yaro da ke zama a bayan aji. Ya kamata mu taimaka masa ya ci jarrabawarsa, mu kuma taimaka masa kada hujjar ta salwanta.