Ɗan Aiken da Muka Tarar a Cikin Salula

A gidan kowane babba akwai ɗan aike, kuma ba a ɗaukarsa da ka. Kafin a miƙa wa mutum wasiƙar mai unguwa ya kai fada, sai an san ɗan gidan wane ne shi, an san ko yana da saurin ƙafa, an kuma san ko yana ratsewa majalisar masu shayi ya kwance musu bakin jaka. Mu da muka shafe shekaru muna riƙe wa dattijon unguwarmu alƙalami a nan Damagaram, wannan ƙa'ida muka gada daga magabatanmu a aikin. To yau rabin aikin gidan ya koma cikin salula da kwamfuta, kuma can ma akwai mai kai da kawowa, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda ake kira burauza. Sai dai yawancinmu ba mu muka ɗauke ta aiki ba. Zaune muka tarar da ita cikin waya ranar da muka saye ta, muka shiga aikenta ba tare da mun tambayi asalinta ba.

Mutane da dama ba su rarrabe burauza da injin bincike, duka Google suke ce musu. Injin bincike shi ne mai nuna hanya a bakin kasuwa, ka tambaye shi rumfar wane, ya nuna maka da yatsa. Burauza kuwa ita ce ke tafiya ta karɓo shafin daga wata kwamfuta a wata ƙasa mai nisa, ta shimfiɗa maka shi a fuskar waya. Saboda haka ta san kowace ƙofa ka ƙwanƙwasa da lokacin da ka ƙwanƙwasa ta, kuma idan ka yarje mata, har kalmomin sirrinka take ajiyewa. Duk abin da ya san wannan game da mutum ya cancanci a yi masa tambayoyi.

Ba tsohuwar sana'a ba ce. Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta farko a 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Netscape ta fito a 1994, Internet Explorer ta Microsoft ta biyo baya a 1995 ta danne ta. Waɗanda suka taɓa biyan kuɗin awa a shagunan intanet na Yamai ko Maraɗi za su tuna shuɗin harafin nan da ake dannawa a zauna jira. An yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yuni na 2022. Firefox ta bayyana a 2004, Chrome ta Google a 2008, kuma yau kusan biyu cikin kowane mutum uku masu shiga intanet a duniya da Chrome suke shiga.

A zauren dattijonmu wannan magana ta sha tashi, kuma mun lura kowa yana yabon burauzarsa ne gwargwadon abin da yake tsoron rasawa.

Akwai wani ɗan kasuwa da ke safara tsakanin nan da Kano, wanda ba ya son a ambaci kowace sai Opera Mini. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Wannan manhaja, wadda asalinta daga ƙasar Nowe ne, tun zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli take yi wa talaka hidima. Dabararta ita ce, idan ka nemi shafi, ba ta ɗauko maka shi kai tsaye. Sai ya fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi, a rage nauyin hotuna, a zubar da tarkace, sa'an nan a turo maka ɗan abin da ya saura. Kamfanin yana cewa ragin kan kai kashi 90 cikin ɗari a wasu shafuka. Wanda ya taɓa tsayuwa a tashar ƙauye da sandar sabis guda ɗaya, yana son sanin farashin Naira kafin mota ta tashi, shi ya san darajar wannan. Data ta jaka guda sai ta kai shi inda ba za ta kai wani ba. Mun yarda da shi har nan. Inda muke rabuwa shi ne a kan ma'anar matsewar: ba a rage nauyin wasiƙa sai an buɗe ta. A yanayin tsimi mafi tsanani, shafin yana buɗewa a hannun kamfanin kafin ya iso gare ka, ko da irin shafukan nan ne masu kulle. Ga karanta labarai wannan ba komai ba ne. Ga takardar gado, ko jerin sunayen gwagware da marayun unguwa da za a tura wa masu raba tallafi, ko hoton katin shaidar wani, abin ya wuce tsimi. Ban da haka, shafukan da ake cike takardu a cikinsu sukan karye a wannan yanayin, ka danna maɓalli ya ƙi motsi. Da muka ce masa tun 2016 wasu masu jari na ƙasar Sin suka sayi kamfanin, sai ya ce, "Malam, ai salular ma can aka ƙera ta." Ba mu sami amsar da ta fi tasa ƙarfi nan take ba.

Matasan gidan kuwa Chrome suke so, kuma dalilinsu sauƙi ne. Ita suka tarar, ba ta gardama da kowane shafi, idan waya ta faɗi ko aka sace ta, da sun shiga asusunsu a sabuwa sai komai ya dawo. Tana kuma da wani amfani da ya shafe mu kai tsaye. Ko da yake an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, yawancin shafukan hukuma da na ƙungiyoyin agaji har yanzu da Faransanci suke. Mu da muka fito daga makarantar allo da zauren malamai, Faransancinmu na ji ne fiye da na karatu. Chrome tana juya shafi zuwa Hausa ko Larabci da dannawa guda, domin tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. Fassarar takan yi tuntuɓe, wani lokaci ta ba da dariya, amma tana isar da mutum ga gane ko takardar ta neman kuɗi ce ko ta ba da su. Ba mu taɓa bari dattijo ya sa hannu bisa irin wannan fassara ba sai wani ɗan lakwal ya karanta asalin. Kuma mun san rubutun da za a fassara ɗin, can wurin Google ake tura shi.

Mu dai ga aikin dattijo Firefox muka zaɓa, kuma dalilinmu na farko daga karatun zaure muka samo shi. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a ƙirga ƙarfin labari da yawan bakunan da suka faɗe shi. Idan mutum goma suka kawo maka zance, ka bincika ka tarar dukkansu daga mutum ɗaya suka ji, to hanya ɗaya gare ka, ba goma ba. Haka lamarin burauza yake. Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet, sunaye daban, riguna daban, amma duk a kan tushe guda aka gina su mai suna Chromium, wanda Google ke jan ragamarsa. Opera ta ajiye injinta ta koma kansa a 2013, Microsoft ma ya mayar da Edge kansa a farkon 2020. Waɗanda suka rage da injin kansu cikin manya su ne Safari ta Apple, wadda sai mai na'urar Apple, da Firefox ta gidauniyar Mozilla. Wannan ba yana nufin waɗancan duka hali ɗaya gare su ba, Brave alal misali tana toshe talla tun daga fitowarta. Amma ranar da mai tushen ya sauya wata ƙa'ida, sauran sai su bi ko su ɗauki wahalar gyara da kansu. Masu amfani da Firefox a duniya yau ba su kai biyar cikin ɗari ba. Idan ta mutu, masu gina shafuka ba za su ƙara damuwa da ko aikinsu yana buɗuwa a wani injin ba, kuma kusan duniya duka za ta koma karatu da ruwaya guda. Mu da muka tashi da Warshu a allunanmu alhali yawancin bugaggun littattafai da Hafsu suke zuwa, mun san yadda ƙaramar hanya ke ɓacewa idan masu bin ta suka ga babbar ta fi sauƙi.

Dalili na biyu shi ne, tun 2019 Firefox take toshe ƴan leƙen asirin masu talla, waɗanda ke bin mutum daga shafi zuwa shafi suna rubuta abin da ya duba, ba tare da an ce mata ta yi ba. A salula ma tana karɓar ƙarin manhajar toshe talla, kuma talla da ba ta sauko ba data ce da ba a kashe ba. Amma kada a ɗauka muna tsarkake ta. A ƙaramar waya mai ƙarancin wuri takan yi nauyi, akwai kuma shafukan da ba a gwada su da ita ba, sai mun koma Chrome a kansu. Babban abin da ke damunmu shi ne mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga Google suke fitowa, ladan sanya injin bincikensa a gaba. Wato mai gasa da babban attajiri a kasuwa, a rumbun attajirin yake awo.

Wannan biyan kuɗi shi ne bayanin abin da muka tarar a wayoyinmu. Shari'ar da aka yi a Amurka ta fito da cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 domin injinsa ya kasance na farko a Safari, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. Ba wanda zai biya wannan dukiya sai ya tabbata mutane ba su sauya abin da suka tarar. Tarayyar Turai ta gane haka da wuri, ta tilasta wa Microsoft nuna wa jama'a jerin burauzoji su zaɓa tun 2010, da ya yi sakaci ta ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013. Mu nan ba wanda ya taɓa tambayarmu. Wata burauza da ta zo cikin salular dattijonmu, ba za mu kama suna ba, ta riƙa tunkuɗo labaran banza da hotunan da ba su dace ba a fuskar waya, ba dare ba rana. Mutum ne da ke ajiye wayarsa a kan buzu a gaban ma'aurata da suka zo sulhu. Cire ta ya gagara domin a jikin wayar aka dasa ta, sai rufe mata baki muka yi ta wurin saituna, muka naɗa wata a matsayin wadda za ta riƙa buɗe shafuka. Aikin bai ci minti biyar ba.

Wani abu da matasa ke dogara da shi shi ne tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito. Amfaninta ɗaya ne, wanda ya ɗauki wayarka bayan ka gama ba zai ga inda ka shiga ba. Kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta ba ta rufe musu ido. An ma kai Google ƙara a kan wannan a Amurka, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tattara daga masu amfani da ita.

Saura gwajin da ya fi kusa da zuciyarmu, na rubutu. Duk burauzar da muka sa, mukan buɗe mata shafi mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ mu gani, domin sunan mutum a takardar fili ba abin wasa ba ne, Ɓaidu ba Baidu ba ne. A wayoyin yanzu dukkansu suna cin wannan jarrabawa. Ajami ne ke tona asiri. A 2016 ne aka ƙara wa ma'aunin haruffa na duniya, Unicode, fa da ƙaf da nun irin na yankinmu, waɗanda ke zubar da ɗigonsu a ƙarshen kalma kamar yadda muka koya a allo. Sau da yawa idan ƴan akwatuna suka fito a madadin harafi, sai a zargi burauza, alhali rashin zanen harafin ne a cikin na'urar. Akwai wani zanen haruffa mai suna Alkalami da aka tsara bisa hannun marubutan Kano, ana samunsa kyauta. Da muka sa shi a kwamfutar gidan, muka buɗe wa dattijo wata wasiƙa da muka rubuta da ajami, ya gyara gilashi ya daɗe yana dubawa. Muka ce, "Ranka ya daɗe, ya yi?" Ya ce hannun ba laifi, amma a gaya wa mai rubutun ya ƙara wa ɗigon fa tawada, ya yi ƙanƙanta.