Fitila Biyu a Bakin Komadugu

Bahaushe ya yi wa dare kirari biyu masu karo da juna: ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. Mutanen kwarin Komadugu sun san duka biyun, amma tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2015, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, na biyun ya rinjayi na farko. Kwanaki kaɗan bayan haka hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawan babur, aka taƙaita fitar dare, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai, ginshiƙai biyu da arzikin yankin ya dogara a kansu. Babur shi ne ƙafar manomi tsakanin gari da lambu. Da aka ɗaure shi, sai nauyin ya koma kan jakuna da amalanke da ƴan tsofaffin motocin da suka rage, har duk motar da ke iya tashi ta zama ta asibiti, ta zama ta kasuwa, ta zama ta kai amarya.

Cikin masu irin waɗannan motoci akwai wani tsohon malamin firamare da ya ajiye alli ya koma noman tattasai a gonar gado, a bakin kogi, gabas da garin Diffa. Malam kowa yake ce masa, ko da yake tsofaffin ɗalibansa ba su daina kiransa Mushe ba. Bamange ne ta wajen uwa, Bahaushen Damagaram ta wajen uba, don haka Barbarci da Hausa duk a gida ya sha su, Faransanci kuwa shi ya ci abinci da shi shekara da shekaru. Motarsa Toyota Hilux ce a-kori-kura, wadda ta girmi ɗansa na fari.

Da aka ɗage haramcin cinikin tattasai a ƙarshen 2017, aiki ya dawo, da shi kuma wata damuwa. Tsinkar tattasai da shanyarsa a hunturu suke faɗowa, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa ta a kan Diffa. Malam ba ya barin lambu sai rana ta yi ja, ga shi dole ya shiga gari kafin a rufe hanya. Hanyar kuwa ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300, ta ratsa Diffa ta nufi Ngigmi. Dubban waɗanda rikici ya raba da garuruwansu sun kafa bukkoki a gefenta hagu da dama, saboda nan ne suka ga ya fi aminci. Da almuru sai bakin kwalta ya cika da yara masu jarkokin ruwa, da awaki, da amalanken da ba ta da ko kyandir. Wata maraice ya taka birki saura taku biyu ya hau wata amalanke mai ɗauke da yara huɗu. Ƙyallin idon jakin kaɗai ya gani a cikin hazon. Daren nan bai runtsa ba, kashegari ya yanke shawarar ƙara wa motar fitilu.

Masu aikin wayar mota suna nan a gari, amma bai kai musu ba. Kuɗi sun yi ƙaranci bayan shekarun da buhunan tattasai suka yi a jibge, wannan gaskiya ne. Sai dai babban dalilin shi ne ya taɓa tsayawa a tasha yana kallo wata mota ta ƙone ƙurmus cikin ƴan mintoci, don an ja mata waya daga batir zuwa fitila kai tsaye. Ga kuma halin malanta da bai sake shi ba: abin da ba zai iya zanawa a allo ya bayyana ba, zuciyarsa ba ta kwanciya da shi. Ya nemi ɗan ƙanwarsa, yaron gareji mai shekara goma sha bakwai da ya bar makaranta a aji shida, suka yi yarjejeniya: Malam zai kawo lissafi, yaron ya kawo hannu.

Tun a wajen sayen kaya aka fara darasi. Diffa gari ne da ke biyan haraji da sefa, yana ciniki da naira, kuma kayan mota da sunayensu ta hanya biyu suke iso shi. Abin da ya biyo ta Yamai da Damagaram da sunan Faransanci yake zuwa, abin da ya ƙetaro daga Maiduguri ko Kano da na Ingilishi. Malam ya tambayi wani mai shago fizibil, mutumin ya yi sororo, sai da yaron ya ce, "Fis yake nufi, Alhaji." A shago na gaba yaron ya nemi salatif, aka ce sai dai sikoc. Sifana mai lamba goma, wadda ake kwance kan batir da ita, a garejinsu kile dis ce, ba mai ce mata goma ko da Hausa ake hira. Wayar da ake ɗaurawa a jikin mota wani ya ce mas, wani ya ce bodi. Rele kaɗai ya tsira daga wannan ruɗani, domin sunansa a harsunan biyu kusan ɗaya ne. Malam, wanda ya saba yi wa ɗalibai dariya idan sun ce "kogin Komadugu" alhali komadugu a Barbarci kogi ke nan, ya sayi ƙaramin littafi ya ja layi uku, yana rubuta kowane abu da sunayensa.

Gardama ta farko a kan irin fitilar aka yi ta. Yaron doguwar farar fitilar nan ta LED yake so, wadda ake kafawa a rufin mota, mai mai da dare rana.

"Kawu, idan ka kunna ta, tun daga nan za a gan ka a Damasak."

"Abin da nake gudu ke nan, ɗana. Ni so nake in gani, ba a gan ni ba."

Ya zaunar da shi a inuwar bedi ya zana masa a ƙasa. Hazo ƙananan ƙwayoyin ƙura ne da ke rataye a iska, kowace tana mayar da hasken da ya dake ta. Idan fitila tana sama, daidai da idon direba, hasken da ƙurar ta mayar cikin idonsa yake komawa, sai ya ga farin bango a gabansa. Idan kuwa tana ƙasa, haskenta a shimfiɗe da faɗi, sai ya bi ta ƙarƙashin layin ganinsa ya haska kwalta da gefenta, inda yara suke. Launin rawaya ba ya huda hazo kamar yadda direbobi ke faɗa, amma ya fi farin haske sauƙi a ido. Malam ya tuna masa da tsofaffin Peugeot masu rawayen idanu da suka cika hanyoyin Nijar a da, gadon wata doka ta Faransa da ta wajabta wannan launi tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993. A ƙarshe suka sayi fitilun hazo biyu na hannu, masu rawayen gilashi, kowace wat 55.

Daga nan sai lissafi. Fitila biyu wat 110 ke nan. A raba da bolt 12 na batir, a sami amfiya tara da ɗan ɗori. Wannan wuta ta fi ƙarfin siririyar wayar da ke bayan sitiyari da ƙaramin makunnin da za a sa a gaban direba; idan aka tilasta mata bi ta nan, waya za ta yi zafi, robar jikinta ta narke. Aikin rele ke nan. Ɗan akwati ne da bai fi na ashana ba, mai ƙafa huɗu, kowace da lambarta bisa wani tsari na ƙasar Jamus da masu ƙera kayan mota suka ɗauka: 30, 85, 86, 87. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir, ta 87 tana miƙa ta ga fitilu. Tsakanin 85 da 86 akwai naɗin siririyar waya wanda ko rubu'in amfiya ɗaya ba ya ci; idan makunni ya ba shi wuta sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa 30 da 87. Malam ya ce wa yaron ya ɗauke shi kamar dogari a ƙofar fada: sarki da murya ƙasa-ƙasa yake magana, dogari ke ɗaga ƙyaure.

A kan fis ne Malam ya fi tsayawa, domin a nan ne al'adar gareji ta saɓa da lissafi. Yaron ya saba ganin idan fis ya ƙone a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a mayar. Malam ya nuna masa cewa fis waya yake tsaro. An yi shi ne da gangan ya zama wuri mafi rauni a duk layin, domin idan waya ta goge ta taɓa jikin mota, batir zai tura mata wuta mai yawan da za ta mai da ita jan garwashi cikin daƙiƙa kaɗan, sai fa idan akwai abin da zai riga ta tsinkewa. Saboda haka dole ya fi abin da fitilu ke ci kaɗan, ya kuma gaza abin da waya ke iya ɗauka. Suka zaɓi mai amfiya 15, shuɗi, tun da launi ma harshe ne a nan: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Waya kuma suka ɗauki mai kaurin milimita murabba'i 2.5. Mazaunin fis bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta.

Ranar aiki, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yaron ya fara kwance kan batir na mas kafin ya taɓa komai, don ko sifana ta goge jikin mota kada ta yi tartsatsi. Wannan ba Malam ya koya masa ba, tabon da ke bayan hannunsa ya koya masa. Ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaure wayar mas. Ya zura wayoyi cikin bututun roba, ya nisanta su da salansa, ya shigar da ta makunni ta ramin da ke da zoben roba a bangon da ya raba inji da mazaunin direba.

Abu ɗaya ya rage: daga ina makunni zai ɗebi wutarsa? Da sun ɗauko ta daga batir kai tsaye, da fitilun za su iya kwana a kunne su shanye batir, kuma, abin da ya fi wannan nauyi, za su iya zama a kunne bayan an kashe manyan fitilu. A wannan yanki direban da ya tunkari shingen jami'an tsaro da duhu ya san ƙa'ida: ya rage gudu, ya kashe manyan fitilu, ya kunna ta cikin mota don a ga fuskarsa. Sojan da aka dalle wa ido ba ya ganin ko wane ne ke tafe, kuma yatsansa ba ya nesa da kunama. Malam ya ce lalle sababbin fitilun su mutu tare da manyan, ko da direba ya manta. Ya buɗe littafinsa ya nuna wayar da lissafinsa ya ba shi. Yaron ya girgiza kai.

"Kawu, wannan motar ba haka take ba. Tsofaffin Toyota da yawa ta wajen mas suke yanke wutar fitila. Bari ka gani."

Ya mayar da kan batir, ya ɗauko fitilar gwajinsa, ƙwai ɗaya da waya biyu, ya bi ƙafafu uku na bayan babbar fitila ɗaya bayan ɗaya, Malam yana murɗa makunni, har suka gano wadda ke samun wuta muddin manyan fitilu na kunne, take kuma mutuwa da zarar an kashe su. Malam ya soke abin da ya rubuta, ya rubuta na yaron.

Da magariba suka tsayar da motar mita goma daga katangar gida, a wuri mai daidai. Suka auna tsayin fitilun daga ƙasa, suka ja layi da gawayi a jikin katanga, suka sunkuyar da su har saman haskensu ya sauka ƙasa da layin. Malam ya tura yaron ya tsaya a gaba, ya durƙusa daidai tsayin mai tuƙa amalanke, ya faɗa masa ko hasken na sukar ido. Sau uku ana gyarawa kafin ya ce a'a.

Fitilun ba su ƙara wa buhun tattasai ko dala ba, ba su kuma rage tsawon layi a shinge ba. Abin da suka yi shi ne, a sauran wannan hunturu Malam ya riƙa ganin ƙafafun jaki da farar jarka tun da sauran filin taka birki. Wajen ƙarshen kaka, wata maraice yana fitowa daga rairayin lambu da lodi, sai suka ɗauke gaba ɗaya. Ya ƙarasa gida a hankali da manyan fitilu. Da safe yaron ya zaro fis ya ɗaga shi a rana, ga zaren cikinsa a tsinke. Bai nemi takardar sigari ba. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya bi waya da yatsa, taƙi bayan taƙi, har ya iske inda girgizar hanya ta sa bakin ƙarfen bamba ya ci bututun ya kai ga jan ƙarfe. Santimita kaɗan daga wurin akwai busasshiyar ciyawa da ta maƙale tun daga lambu, a bayan mota kuma buhu goma sha biyu na busasshen tattasai. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe, ya sauya wa wayar hanya, sannan ya miƙa hannu daga ƙarƙashin motar.

"Kawu, miƙo mini shuɗi."