Agogon da Ya Yi Mini Ƙarya a Hanyar Wudil

Wata Juma'a da hantsi, a ƙarshen damina, na tashi daga Kano zuwa Wudil domin duba wani malamina da ke kwance ba lafiya. Motata tana gareji, don haka na fito da tsohuwar Hondar da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, babur ɗin da ya girmi yawancin ɗalibaina. Na ƙudurta ba zan wuce gudun kilomita 50 a awa ba, kuma tun daga Mariri har bayan Gano allurar agogon gudu ba ta haura wannan lamba ba. Hankalina kwance, ina kallon dawa ta fitar da kai a gonaki.

Duk wanda ya san Wudil ya san Juma'a ce ranar kasuwarta, kuma shanu ne adonta. Ina dab da gada sai ga wani bijimi ya ƙwace wa mai jansa, ya faɗo titi. Na danne birki iya ƙarfina, tayar baya ta ja ƙasa, amma babur ya ƙi tsayawa inda na zata. Da ƙyar na tsaya, tsakanina da ƙahonsa bai kai kamu biyu ba.

Da jikina ya daina rawa sai na duba agogon hannuna. Tafiyar kusan kilomita 40 ce, na yi ta cikin minti 35. Da a kan 50 nake tafiya, da ta ci minti 48. Ashe gudun kusan 70 nake yi ban sani ba. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne, domin tazarar da abin hawa ke ci bayan an taka birki a kan 70 ta kusa ninka ta 50.

Bayan na sauke Juma'a na duba malamina, sai na nemi wani dattijon bakanike a gindin darbejiya, kusa da masu suyar kifi.

"Baba, agogon nan ya kusa kashe ni," na ce masa.

Ya murza tayar gaba, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Malam, ai tsufa ne. Ka ga wayar nan? Daga tayar gaba take, ita ke juya wani ɗan maganaɗisu a cikin agogon, shi kuma ya ja allura. Idan ƙarfinsa ya ragu, ko datti ya cushe wurin, sai allura ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ga shi kuma an sa maka tayar da ta fi ta asali girma. Babbar taya ba ta juyawa da yawa, sai agogo ya ɗauka a hankali kake tafiya."

Ya wanke wayar, ya sa mata mai, amma bai ɓoye mini ba cewa sai an sauya agogon ɗungurungum.

Kafin in juyo na tsaya a bakin gada ina kallon masunta da masu ɗibar yashi a kogi, ina tunanin dubban baburan da ke bin wannan hanya. Da yawansu agogonsu ya mutu tun tuni, masu su da kunne suke auna gudu. Duk da haka sun fi ni tsira a ranar, domin wanda ya san ba shi da ma'auni yakan yi hattara, ni kuwa na miƙa wuya ga ma'aunin da ke yaudarata.

Gwajin ba shi da wuya. Mai gudun 60 a awa yana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya cif. A samu wurin da aka san tsawonsa a auna da agogon hannu, ko a kwatanta allurar da manhajar auna gudu ta wayar salula, wayar tana ɗaure a jikin babur, ba a hannu ba.

Na dawo Kano allura tana kan 35, motoci suna ta wuce ni, na iso gida ana kiran sallar magariba.