Makaɗin Da Ke Cikin Hanji

Wani dattijo da ya daɗe yana fama da ciwon sukari ya wayi gari da sabuwar damuwa. In ya yi loma biyar ta tuwo da magariba, sai ya ƙoshi kamar wanda ya ci na gidan biki. Gari ya waye tuwon yana nan zaune a cikinsa, ga kumburi, ga tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Iyali suka ce basir ne, maƙwabta suka ce sammu ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe a banza. Shi kuwa abin da ya ke faɗi kullum shi ne, cikinsa ya yi shiru. Ashe maganarsa ce ta fi ta kowa kusa da gaskiya.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san makaɗi ba ya riƙe garma, amma da kiɗansa ne manoma ke sara tare, su ɗago tare. To, haka Allah Ya tsara cikin ɗan Adam. A tsakanin tsokokin tumbi da na hanji akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi da suka saƙu da juna kamar raga, suna fitar da bugun lantarki a kan kari. A tumbin mutum sau 3 ne a minti guda, a farkon ƙaramin hanji kuwa wajen sau 12. Jijiyoyi ke umartar tsoka ta matsa da ƙarfi ko ta sassauta, amma wannan bugun shi ke yanka mata lokacin matsawa, har abinci ya gangara a jere.

An daɗe kafin a gane wannan makaɗi. Cikin shekarar 1893 ne wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya ga ƙwayoyin a madubin likita, ya zana su da hannunsa. Ya zaci wani irin jijiyoyi ne, ya kuwa rasu a 1934 ba a tabbatar da aikinsu ba. A 1982 wani malami a Jami'ar Kopanhagan ta Danmak, Lars Thuneberg, ya tara hujjojinsa daga hanjin ɓera, ya ce lalle su ne ke ba hanji kiɗa. Masana da yawa suka ce sai sun gani a ƙasa.

Mai ba da shaidar kuwa shi ne ɓera, wanda a gida ba a san shi da komai ba sai ɓarna. A 1992 masu bincike a Japan suka yi wa jariran ɓeraye allurar da ke toshe wani sinadari mai suna Kit, sai motsin hanjinsu ya rikice. Akwai kuma wani irin ɓera fari fat mai baƙaƙen idanu, mai ƙarancin jini, wanda ba ya haihuwa, domin ya gaji tawaya a wannan sinadari. A 1994 Sean Ward da Kenton Sanders a Nebada ta Amurka, sa'an nan a 1995 Jan Huizinga a Kanada tare da Thuneberg, suka duba ƙaramin hanjinsa. Ragar ƙwayoyin da ke ba da kiɗa ba ta nan, bugun ma babu shi, alhali kuwa a lafiyayyen ɓera ya kan haura sau 30 a minti. Hanjin yana motsi, amma babu tsari, watau manoma na sara kowa yadda ya ga dama. Shekara ɗari da 'yan kai bayan zanen Cajal, gardama ta ƙare.

Amfanin bai tsaya ga ɓera ba. A 1998 likitocin Japan suka gano cewa wani ƙarin daji na tumbi da hanji yana tasowa ne in sinadarin nan na Kit ya ƙi tsayawa da aiki, kuma a 2002 aka amince da maganin Glivec don toshe shi. Bugu da ƙari, da aka duba tumbin masu ciwon sukari irin na dattijon nan, an sha tarar da ƙwayoyin sun ragu, jijiyoyi kuma sun taɓu.

Da aka kai dattijo asibiti, likita bai yi masa alkawarin warkewa sarai ba. Ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, ya fi ba abinci mai laushi ƙarfi, ya rage maiƙo, ya kuma tsare sukarinsa kada ya hau, don a ceci abin da ya saura. Ya bi, ya sami sauƙi gwargwado. Yanzu in yana zaune a zaure da hantsi cikinsa ya yi ƙugi, jikoki su kan kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya dafa cikin, ya yi hamdala.