Kano a Tsakiyar Bazara

Wanda ya sauka Kano a watan Afrilu ba ya bukatar a gaya masa bazara ta yi. Zafi yakan kai digiri 40 da tsakar rana. Kwalta ta ɗau zafi, bangon siminti ya ɗauka, har bayan magariba suna huro shi. A Sabon Gari, inda 'yan'uwanmu da yawa ke haya, iyali guda sukan kwana a ɗaki ɗaya mai rufin kwano. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai zufa da kukan yara.

Amma in mutum ya shiga cikin birni, ya bi lungunan bayan Kasuwar Kurmi, sai ya ga wani abu dabam. Lungunan matsattsu ne, ginin wani yana yi wa na wani inuwa. Tsofaffin soraye na ƙasa ne, bango mai kauri, rufi na azara da laka. Kafin zafin rana ya ratsa irin wannan bango, yamma ta yi. Shi ya sa zauren Gidan Makama ya fi ɗakin kwano sanyi, ko da azahar.

Haka kuma randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi. Magina da masu ginin tukwane sun san wannan tun kafin zuwan firji.

Zancen ba na jin daɗi kaɗai ba ne, na rai ne. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, cutar kuwa tana bin numfashi inda mutane suka cunkushe. A 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Saboda haka, iyaye, a buɗe taga da dare, ko a shimfiɗa tabarma a tsakar gida cikin gidan sauro. A kai yara rigakafi. A riƙa ba jarirai nono, tsofaffi kuma ruwa, tun ba su roƙa ba. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe.

Abin da ya fi kama ido a birnin shi ne randar da maƙwabtanmu Musulmi ke ajiyewa a ƙofar gida, da moɗa a kai, domin kowane mai wucewa. Ubangijinmu Yesu ya yi alkawarin lada a kan ƙoƙon ruwan sanyi, a Matiyu 10:42. Me zai hana a ga irin wannan randa a ƙofar kowace majami'a? In damina ta sauka kuma, 'yan makarantar Lahadi su dasa darbejiya a farfajiya. Mai turin kurar ruwa da mai tallan goro za su sha inuwarta, ba za a tambaye su addini ba.